Mun Aika Murya, an Ɗora Mata Hular Gashin Doki

Mashigar Narrowie, bakin Kogin Bindarra, Ostareliya
Nuwamba, 1937

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Kakakin Majalisar Dokokin Jiha, mai doguwar kujera, mai hular gashin doki, wanda ba ya shiga zaure sai an ratso da sandar majalisa a gabansa, wanda mu nan gida muka sani da Clarrie Dunphy mai gwanjon tumaki.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da sabon matsayinka, da fatan kujerar ba ta matse ka, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Na so in same ka a ofis ranar da na je birni, sai wani dogo mai farar safar hannu ya tare ƙofa, ya ce Kakaki ba ya ganin kowa a kan maganar da ke gaban Majalisa. Na ce to maganar da Majalisa ta riga ta binne fa? Ya ce sai dai in rubuto. Ga shi na rubuto.

Ko da hular ta danne maka tuni, ni ce Olive Tregenza, matar marigayi Hedley mai jirgin fito. Ni na kwashe shekaru ina juya wilin da ke jan jirgin a kan igiyar ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan, da mutum da mota da tunkiya. Shekarar da igiyar ta tsinke da Hedley a ambaliya hukuma ta ce in riƙe aikin kafin a gina gada. A lokacin 'yata Merle tana rarrafe, yau ta fi ni tsawo. Kafaɗata ta dama ta gama aiki, likita ya ce in na ƙara hunturu ɗaya a wili ko butar shayi ba zan iya ɗagawa ba. Ita kuwa Merle ta samu gurbi a kwalejin horon malamai, an ce ta fara a Fabrairu. Ka san gidan da muke ciki na hukuma ne, a haɗe yake da jirgin, wanda ya saki wili ya saki gida. Da an amince da gada, 'yan kwangila za su karɓi jirgin daga sabuwar shekara, su bar ni a gidan ina dafa wa leburori abinci, Merle ta tafi karatunta. In ba a amince ba, dole wani mai suna Tregenza ya tsaya a wili, kuma mu biyu muka rage. Ka san duk wannan, don a kan teburina ka ji shi, kana cin gasasshen naman tunkiyata.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Mai Girma, kada ka ɗauka don basira muka zaɓe ka. Da basira muke nema da mun tura malamin makaranta. Murya muka zaɓa. Kai ne in kana gwanjo a turken kasuwa nake jin farashin rago ina tsakiyar kogi. Ka hau bayan akori-kura a ƙofar mashaya, ba ka da jam'iyya sai maƙogwaro, ka ce, "Jama'ar Narrowie, ku tura ni kawai! Sai na yi ta ihun gada har Firimiya ya gina ta don ya samu ya yi barci!" Bluey Kowald mai askin tumaki ya ɗaga kofinsa ya ce, "Kai Clarrie, rufa mana baki. Kana zuwa ka ga kujera mai laushi shi ke nan mun yi asararka." Ka ce, "Bluey, tunda uwarka ta haife ka, ka taɓa ganina a zaune?" Aka yi dariya, har da ni. Ranar zaɓe tun safe nake ɗebo maka mutanen ƙetare cikin ruwan sama, har da tsofaffin da rabonsu da gari tun kafin babban yaƙin duniya.

Na biyu. Da aka gama ƙirga, sai ga jam'iyyar gwamnati da ta adawa sun yi kai ɗaya a yawan kujeru, kai kaɗai ne rarar da ta rage a tsakiya. Mu nan har rawa muka taka, mun ce yanzu kowa zai zo ya durƙusa wa Narrowie. Ashe su can wani lissafi suke yi. Duk jam'iyyar da ta ba da Kakaki ta rasa ƙuri'a ɗaya a zaure, don haka Firimiya da madugun adawa, waɗanda ko gefen titi ɗaya ba sa bi, suka waiwayo tare suka ga dacewarka. Jarida ta ce bisa al'ada sabon Kakaki yakan turje, sai an ja shi zuwa kujera, kuma wai ka turje. Ranka ya daɗe, mu mun san turjiyarka. Mun ga ranar da ka riƙe ragon gidan Pfitzner ta ƙaho har ya gaji ya kwanta. Mun ga ƙarti huɗu sun kasa fitar da kai daga mashaya ranar sukuwar dawaki. To yaya aka yi lauyoyi biyu, waɗanda ko an ɗaure su tare ba za su kai nauyin buhun ulu ba, suka ja ka tun daga ƙofa har kan kujera? Na duba hoton da gilashin karatuna. Ƙafarka tana gaban tasu.

Na uku. Sai daga baya aka fahimtar da mu cewa Kakaki ba ya sa baki a muhawara, ba ya kawo ƙudiri, ba ya tambayar minista. Wato duk mazaɓun jihar nan kowace tana da baki a Majalisa, har da wadda wakilinta ba ya jin magana sai an yi masa ihu a kunne, ban da Narrowie da ta tura wanda ya fi kowa murya. Duk zaman bana na bi rahoton jarida, abin da na samu daga bakinka shi ne, "A natsu! A natsu!" Ai mun natsu, Mai Girma. Tun kafin a haifi rabin mutanen zauren nan muke a natse a bakin ruwa.

Game da hular, ni ba ni da ta cewa, ta rufe sanƙon. Bluey ne da ya ga hoton ya ce, "Wa ya yi wannan askin? Ni in na kawo wa maigida ulu haka ai ranar zan bar aiki."

Na huɗu. Da muka ji za a kawo maganar gada, muka yi ayari muka shiga jirgin ƙasa, ni da Bluey da Misis Pfitzner ta gidan waya, na bar Merle a wili. Muka hau barandar 'yan kallo, na ƙare wa abokan aikinka kallo, kuma ina taya jihar nan murna. Akwai dattijon da aka shigo da shi a kujerar guragu an lulluɓe shi da bargo, wanda aka ce tun zamanin tsohuwar Sarauniya yake wakiltar mazaɓarsa, kuma ba ya farkawa sai an kaɗa ƙararrawar ƙuri'a. Akwai wanda ya kwashe duk safiya yana bayani a kan girman buhun dankali, yana magana 'yan jam'iyyarsa na karanta sakamakon sukuwa. Akwai wani ɗan gaye mai wakiltar unguwar masu kuɗi a birni, da fure a ƙirjin kwat, wanda ya miƙe ya ce shi ya ga Bindarra da idonsa, kwata ce da kare zai tsallake. Ta tagar jirgin ƙasa ya gan ta, a shekarar fari. Ina gayyatarsa a watan Agusta, lokacin da kogin ke cika ya tumbatsa, ya zo da karen.

Na san 'yan adawa ba don ƙaunar Narrowie suka kawo ƙudirin gadar ba, sun kawo ne don su ga yadda za ka yi. Ban damu ba. Ko Shaiɗan ne ya gina ta zan taka in wuce, in ce masa sannu da aiki.

Na biyar. Bayan abincin rana aka kaɗa ƙararrawa, aka tashi dattijon, aka kulle ƙofofi, masu e suka koma dama, masu a'a suka koma hagu. Aka ƙirga, aka yi kunnen doki. Wani ya raɗa mana cewa in aka yi haka Kakaki ke raba gardama da ƙuri'arsa. Misis Pfitzner ta damƙe mini kafaɗar nan mai ciwo, ko zafi ban ji ba, tana cewa, "Olive, an gama! Namu ne fa, Clarrie ne! Je ki saya wa yarinya akwati!" Na ga akawun Majalisa ya juyo ya yi maka raɗa. Ka miƙe, ka gyara hula, ka yi magana da wata siririyar murya da ban taɓa sanin kana da ita ba. Ka ce, "Bisa al'adar wannan kujera, idan ƙuri'u suka yi daidai, Kakaki yakan bar al'amari yadda ya same shi. Ina tare da masu cewa a'a."

Ɓangarorin biyu suka yi ta buga tebur suna yaba maka. Washegari jaridu suka ce jihar nan ba ta taɓa samun Kakaki mai adalci irinka ba, mutumin da ya ƙi fifita ko da mazaɓarsa. Ina taya ka murna da wannan yabo. Sai dai ina da 'yan tambayoyi, irin na wadda ba ta yi karatu mai zurfi ba. Wa ya kafa al'adar? Na tare akawun a matakala na tambaye shi ko doka ce, ya ce a'a, ba a rubuce take a dokar jiha ba, gado ce daga Ingila. To shi wanda ya ƙago ta a Ingila, ya taɓa tsayawa a bakin Bindarra da mace mai naƙuda a bayan mota, ruwa na wucewa da itatuwa? Da ka karya ta, ɗaure ka za a yi, ko hular ce za a karɓe? Kuma da ka ce a bar al'amari yadda yake, wane al'amari kake nufi? Su can al'amarinsu kujera ce da fanka da shayin la'asar. Namu igiya ce da ta riga ta ci mutum ɗaya.

Ban manta ba, ka ɗaga tsohuwar muryarka sau ɗaya a ranar. Lokacin da Bluey ya leƙo ta baranda ya ce, "Clarrie! Nawa aka taya? Ka buga guduma tun ba a gama tayi ba, ɗan banza!" Nan ka daka tsawar da ta girgiza fitilun zauren, ka ce a fitar da shi. Na ji daɗi da na san maƙogwaron yana nan lafiya.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka a jirgin ƙasa, tsohuwa da ni, a gaban masu sayar da shanu. Haushi na ji, da kunya, don da kafaɗata na ɗebo maka ƙuri'un da ka hau kujerar da su.

Da muka iso mashiga Merle ce ta zo ɗaukarmu. Labari ya riga mu ta waya. Na buɗe baki ta ce, "Mama, don Allah kada ki ce komai." Na ce mu bar musu gidansu, in koma wajen yayata a gari in riƙa yi wa mutane wanki, ita ta tafi makarantarta. Ta ce, "Da wace kafaɗar za ki yi wankin? Matsa ki zauna, kina tare mini wili." Misis Pfitzner ta ce, "Haba 'yar nan, a sake zaɓe ai ba nisa." Merle ta ce, "Haka aka ce wa Mama." Da muka shiga gida na tarar ta mayar da littattafanta saman kabad, ta ciro tsofaffin takalman ruwan ubanta ta cusa musu jarida a baki don su yi mata daidai. Ta sanar da kwaleji su ba wani gurbin.

Saboda haka ban zo roƙon gada ba, na san Majalisa ta rufe wannan babi cikin mutunci. Alfarma ɗaya nake nema. An ce zaman bana zai tashi kafin Kirsimeti, kuma za ka zo gida a motar gwamnati da direba. Za a ƙetarar da kai, kada ka ji komai, jirgin hukuma ne, ko aladu aka kawo ba ma mayarwa. Abin da nake roƙo shi ne kada ka zauna a cikin mota ka ɗaga gilashi. Ka fito ka tsaya a kan katako kusa da wili. Kada ka yi mata bayanin al'ada, kada ka ce mata ka yi baƙin ciki, kada ka tambaye ta ya karatu. Merle ba ta gama ƙwarewa ba, tafin hannunta bai yi kanta ba tukuna, fashewa yake yi yana jini, don haka jirgin zai yi nawa ƙwarai. Kogin yana da faɗi, Mai Girma, za ka samu isasshen lokacin kallonta.

Ina durƙusawa a gaban kujerarka, da sandarka, da hularka, da dukan al'adun da suka zo tare da su.

Taka mai biyayya, da ɗan ladabin da ya rage mini,

Olive Tregenza,
uwar mai fito,
Mashigar Narrowie.