Rasuwar Wufar Gidan Malam Labbo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga ƙaddara, ni Nura Labbo na Gangara nake sanar da rasuwar wufar gidanmu, baƙar akwatin nan mai fitar da ƙasan sauti. Shekararta shida tare da mu, tun da aka kawo ta daga Maraɗi.

Marigayiyar ba ta da surutu. Magana da waƙa ta bar wa ƙananan sifikoki, ita nata dum, dum ne daga lungun ɗaki, har kwanon sha ya riƙa rawa a kan tebur. Mahaifinmu, Malam Labbo, ya shekara tara ba ya ji. Kullum bayan la'asar sai in sa masa kiɗan gangar noma, ya ɗora tafin hannunsa a kanta, yana gyaɗa kai daidai da bugun. Abin da yake ji ke nan a duniya.

Ajalinta ya zo a daminar bana, da muka gudu Sabon Birni saboda 'yan bindiga. Babur ɗaya ne, ko ita ko Baba. Na ɓoye ta a rumbu, ƙarƙashin damman gero, ina ganin na yi dabara. Wata huɗu ɓeraye suna cin fatar bakinta. Da muka dawo na jona ta da batir, fitilarta ta kama, ba ta ce komai ba.

Baba ya ɗora hannu, ya daɗe. Sannan ya ce, "Hannun ma ya kurumce, Nura. Shi ɗai yar rage mani." Na yi masa nuni cewa akwatin ce ta mutu. Ya ce, "Lallashina kukai." Tun ranar bai fito zaure ba. Ni kuwa ban yi kuka ba, ban san abin da nake ji ba.

Ta bar sifikoki biyu masu muryar sauro, da rimot, da wayar haɗi mai tsawon kamu huɗu.

Za a yi jana'izarta ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidanmu. Ba sai an zo da goro ba. Duk mai ganga a Gangara ko Unguwar Lalle, don Allah ya zo da ita. Za mu ɗora hannun Baba a kan gangar, a buga, mu gani.