Yadda Ake Naɗa Kwayil ɗin Babur ɗin Marigayi Kafin Albasa Ta Shigo

Wanda duk ya bi matakan nan ba zai sake roƙon bakanike ba, na ɗaukar masa alkawari. Da hannuna na gwada su a Bodinga, har yau ana zancen a layinmu.

Kwayil, ga wanda bai sani ba, shi ne zoben ƙarfen nan mai haƙora a cikin inji, nannaɗe da jar waya, mai ba babur wuta. In ya ƙone, babur ya zama benci.

1. Jira a ba ka wa'adi

Babur ɗin marigayi mahaifinka ya daɗe jingine a ɗakin ajiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Kada ka taɓa shi sai ranar da mahaifiyarka, Inno, ta ce, "Yahaya, albasa ta kusa shigowa, ɗakin ga nika so. Ko ƙarhen ga ya hita da kainai, ko 'yan gwangwan su hid da shi."

Ka marairaice ka ce, "Haba Inno, shi kaɗai ya rage mini na Baba."

Za ta ce, "Shi ma tura shi yaka yi."

2. Kauce wa mai sana'a

Maniru rewaya yana bakin tasha, naɗin kwayil ne abincinsa. Ciro naka kwayil ɗin daga inji, sa shi a aljihun jamfa, ka wuce Maniru da sauri. In ya ɗaga murya ya ce, "Malam Yahaya, mi ka rinjayar aljihun ga?" ka ce goro ne. Mai furfura ba ya tambayar abin da ya riga ya kalla a waya, ko da data ta ƙare masa a tsakiyar bidiyon.

3. Warware da ƙarfin hali

Matsorata kan tsaya ƙirga zagayen kowane haƙori, har su lura da wanda aka naɗa dama da wanda aka naɗa hagu. Kai kama bakin waya ka ja. Wanda ya ƙera babur ɗin ma mutum ne.

4. Wanke wayar

Za ka ga wani jan datti ya lulluɓe ta tun daga farko har ƙarshe. Wannan ƙazantar shekaru ce. Ari toka da soson ƙarfe a madafa, ka dirje ta sai ta yi ƙyalli kamar tukunyar da ba a taɓa ɗorawa ba.

5. Kai aikin majalisa

Ilimi a gindin dalbejiya yake. Sha'aibu tela zai ce, "Kamar zaren keke aka naɗa ta." Ɗantani mai goro zai ce, "Kai dai tsaya ga wando. Naɗin rawani aka yi mata, ka bar mata kunne biyu." Kada ka ɓata wa kowa. Raba musu haƙoran, kowa ya naɗa nasa yadda Allah ya hore masa.

6. Buga kik

Mayar da kwayil, yi bisimilla, ka yi ta bugu har gwiwa ta fara magana. In hayaƙi ya fito daga inda ba salansa ba, wuta ta zo ke nan, hanya ce ba ta gane ba. Inno za ta ƙwala kira daga tsakar gida, "Wa ya bar miya bisa wuta?" Kada ka amsa.

Yanzu sai ka sayi data ka ƙarasa bidiyon. A nan mai bayani zai ce jan dattin nan rigar wayar ce, kada a kuskura a kankare ta.

7. Tafi Shagari

Sabuwar jar waya kake buƙata, kuma a Bodinga kowa ya ji labari. Je Shagari wurin mai gyaran fanka, ka ce masa kwayil ɗin na wani maƙwabcinka ne mara hankali. Zauna nan a rumfarsa ka naɗa a tsanake, haƙori dama, haƙori hagu. Kada ka yi gaggawar komawa gida. In wayarka ta yi ƙara ka ga gida ne, bar ta, gwani ba ya raba hankali.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon gwiwa, ƙonewar yatsa ko dariyar majalisa. Wanda ya bi shi, shi da Allahnsa, kada a zo mini gida.

Nawa kwayil ɗin dai an gwada shi a Shagari, lafiyarsa ƙalau, yana kan tagar ɗakina. Albasa ta shigo ina can, 'yan gwangwan kuma sun tafi da babur ɗin tun kafin azahar.