Akwatin da Ke Yi wa Don Evaristo Tunani

"Albarka, Abuelo!"

"Allah ya yi miki, ya kuma shirye ki, don aikin shiryar da ke ya fi ƙarfin ɗan Adam. Ƙarfe tara muka yi da ke. Yanzu ƙarfe nawa?"

"Tara da minti huɗu."

"A zamaninmu saurayi ya makara minti huɗu, sai ya tarar wani ya yi gaba da budurwarsa."

"Ashe haka ka samu kakata. Wani mai kyau ne ya makara."

Don Evaristo Peraza ya gyara zaman malafarsa ya yi kamar bai ji ba. Shekararsa saba'in da huɗu, tsohon direban bas ne a Barquisimeto, kuma duk birnin ba wanda ya isa ya gaya masa irin wannan magana ya kwana lafiya sai jikarsa Yuleima, mai kiransa Abuelo wato kaka, ɗalibar jami'a da ke zaune a ɗakin ƙuryar gidansa. Yau Asabar za ta raka shi cikin gari sayen rauta, wato akwatin nan mai raba intanet a gida. Shi da ko rediyo ba ya canzawa sai ta mutu murus, lalura ce ta fito da shi.

Shekara arba'in da ɗaya suna wasan domino bibbiyu, shi da amininsa Nicanor a ɓangare ɗaya. A wasan ba a magana, amma shiru ma yana da ma'ana. In ka ɗan yi jim kafin ka ajiye dutsenka, ka gaya wa abokinka kana da sauran irin wannan lambar a hannu. In ka ajiye nan take, ya san ita kenan gare ka. Da Nicanor ya bi 'yarsa Chile bara waccan, sai wasan ya koma kwamfutar hannu, kowace Lahadi ƙarfe huɗu na yamma. Lahadi uku kenan a jere ana lallasa su. Evaristo ya ajiye dutse nan take, Nicanor a can ya ga ya daɗe yana tunani, sai ya buɗe masa lambar da ba shi da ita.

Daren Lahadin da ta wuce bai kai ba Nicanor ya bugo waya. "Compadre, aminina," in ji shi, "ka je a duba maka kai. Tunaninka ya koma ƙarya. In Lahadi mai zuwa ma haka ne, akwai wani likitan haƙori a nan da ya daɗe yana roƙon in ɗauke shi."

Maganar ta yi wa Evaristo ciwo ƙwarai. Abin da ya fi ciwon kuma, wanda bai gaya wa kowa ba, tsoro ne. Sau biyu cikin watan nan ya nemi tabaraunsa alhali yana kan hancinsa. Yuleima ce ta ce ƙila laifin rautan gidan ne, shi ya sa ya yarda suka fito.

A cikin bas ya ce, "Ki sani, kaina garau yake. Na haddace lambar kowace mota da na taɓa tuƙawa."

"Me ka ci jiya da rana?"

"Ba na haddace girkin uwarki. Mantawa da shi rahama ce."

"Zan gaya mata."

"Ki gaya mata. In ce ban tuna na faɗa ba, tunda kun ce na ruɗe."

Shagon yana cikin wani lungu a bayan layin masu sayar da takalma. Mai shagon, Doña Zoraida, mace ce mai jiki, tabarau a rataye a wuya, kofin gahawa a hannu. Kafin ma ta gama amsa gaisuwa Evaristo ya nuna wani baƙin akwati mai eriya birjik da ke saman kanta.

"Wancan. Mai ƙaho takwas."

Yuleima ta dafe kai. "Abuelo, kaguwa muka zo saya ko rauta?"

"Ke me kika sani? Ƙaho takwas ya fi huɗu. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani."

"Wannan na masu gidan sama ne mai hawa uku. Gidanka fa, in ka yi atishawa a ƙofa sai an ce maka sannu daga bayan gida."

"Gidan da kike ci kike sha kyauta?"

"Ba kyauta ba ne. Ina biya da sauraron labarin yadda ka tuƙa bas ba birki daga Quíbor. Sau ɗari tara na ji shi."

"Kuma kullum ƙara daɗi yake."

"Kullum ƙara tsawo dai. Bara fasinja talatin ne, bana sun zama sittin har da limamin coci."

Doña Zoraida ta kurɓi gahawarta tana kallonsu kamar mai kallon wasan kwaikwayo, sannan ta ce, "Don, ranka ya daɗe, wane irin wasa ake yi a gidan?"

"Wasa ɗaya ake yi, domino. Sai kuma wannan da take zama tana harbin mutanen cikin kwamfuta da ba su yi mata komai ba."

"Gasa ce," in ji Yuleima. "Mu huɗu ne, kuma mu ne na uku a duk jihar Lara."

"Na uku! A gidanmu na uku shi ake aike sayo ƙanƙara."

Sai ya ba ta labarin wasan Lahadi da amininsa na Chile, da yadda ake lallasa su. Mai shagon ta ce ai domino ba ya cin intanet, ko tsohon rauta ya ishe shi. Ta tambayi inda na gidan yake.

"A ɗakina," in ji Yuleima. "Kan kwabet."

"Shi kuma Don a ina yake wasa?"

"A tsakar gida, gindin mangwaro," in ji Evaristo. "Domino a ɗaki? Sai ka ce marar lafiya."

"Bango nawa tsakani?"

"Uku."

"To. Kuma ranar Lahadi ƙarfe huɗu, ban da shi, wa ke amfani da layin?"

Yuleima ta shiga duba wani kwali kamar an rubuta sunanta a jiki. Evaristo ya juyo a hankali ya zuba mata ido.

"Ke, ana tambaya."

"Gasarmu... wata ɗaya kenan da aka mai da ita Lahadi. Ƙarfe huɗu. Kuma ina haska wasan kai tsaye mutane suna kallo."

"Shi kenan," in ji Doña Zoraida. "Hanya ɗaya ce, ita ta cika ta da manyan motoci, kai kuma kana can ƙarshen layi a bayan bango uku. Ka taɓa dutsenka nan take, amma sai ya tsaya jiran a ba shi hanya. Kafin ya isa Chile, abokinka ya ɗauka tunani kake."

Evaristo ya cire malafa ya ɗora a ƙirji. Mako guda kenan bai yi numfashi mai daɗi irin wannan ba. Amma ba zai bari yarinyar nan ta gani ba, sai ya ɗaga murya yadda har masu takalma za su ji.

"Jama'a ku zo ku ga ɓarauniya! A gidana, da cokalina take ci, ashe ita ke sace min hankali duk Lahadi!"

"Abuelo, rage murya."

"Ba zan rage ba! An ce in je a duba min kai. Ni! Ashe akwatin kan kwabet ɗinki ne yake yi min tunani, kuma tunanin ma irin naki, ba kai ba gindi!"

"Ai gara da ya taimaka maka. Rabonka da tunani tun ranar da ka yanke shawarar barin gashin baki."

"Gashin bakin nan mata sun yi kuka a kansa."

"Na yarda. Ni ma in na kalle shi kuka ke zuwa min."

Doña Zoraida ta sauko da wani fari mai eriya huɗu. Ta ce a kafa shi a baranda, tsakiyar gida, a sama, ba a bayan firiji ko cikin kwabet ba. Ta ce a ja waya daga jikinsa zuwa na'urar wasan Yuleima, intanet ta iska kuma a bar wa tsoho. Sannan ta nuna musu abin da ya sa ta zaɓe shi: ana iya gaya masa wa zai fara ba hanya in an yi cunkoso.

"Sai ku faɗa min," in ji ta, "wa ke gaba?"

"Tambaya ce wannan? Ni na haifi wanda ya haife ta."

"Ni kuma in layina ya yi jinkirin ƙiftawar ido, an harbe ni."

"Sai ki tashi. Kullum ana harbe ki, kullum kina nan wurin cin wainar arepa."

Yuleima ta rungume hannu ta dube shi sama da ƙasa. "To na ji. Zan sa ka a gaba. Amma da sharaɗi. In an gyara komai gobe kuma ka sake yi wa Don Nicanor tunanin ƙarya, to ba akwati ba ne, kai ne. Ranar Litinin da kaina zan kai ka asibiti, in riƙe maka hannu a tsallaka titi."

Ta taɓa daidai wurin da ke ciwo. Amma ya mai da malafarsa ka, ya karkata ta gefe.

"Doña, naɗe mana. Ke kuma ki tanadi haƙurin da za ki ba ni, mai tsawo nake so."

"Mai ƙaho takwas ɗin fa?"

"Bar shi. Na tausaya wa maƙwabta, kada ya jawo musu tashar Japan."

Lahadi ƙarfe huɗu saura kwata Evaristo yana gindin mangwaro, ya yi wanka, ya sa farar riga kamar mai zuwa coci. Farin akwatin yana manne a bangon baranda yana ƙyafta koren ido. Aka raba duwatsu. Zagaye na farko suka ci, na biyu aka ci su, na uku suka rama. Duk dutsen da ya taɓa sai ya gan shi ya faɗa teburi nan take. Ba a jin muryar kowa, sai sunan Nicanor a saman allo.

Aka zo zagayen da zai raba gardama. Duwatsu uku suka rage masa, duka masu biyar ne, ɗaya daga ciki kuma yana iya buɗe biyar. Layi ya zo kansa. Ya ɗora yatsa a gefen allon, ya tsaya.

Daƙiƙa uku. Biyar. Bakwai.

Sai ga Yuleima ta faɗo tsakar gida ba takalmi, abin sauraro a rataye a wuya. Ashe tun ɗazu tana laɓe a bakin taga.

"Ya maƙale? Abuelo, ya maƙale ne? Bari in duba fitilar!"

"Tsaya inda kike."

"Amma ba ka motsa ba!"

"Na ce tsaya. Wannan tunanin nawa ne."

Ya ajiye, biyar ta buɗe. Na hannun damansa ya wuce, ba shi da ita. Nicanor ko ƙiftawa bai yi ba, ya mai da ɗaya bakin ma biyar. Daga nan abokan karawa suka yi ta wucewa, Evaristo ya sauke sauran biyun ɗaya bayan ɗaya.

Waya ta yi ƙara tun kafin allon ya gama nuna sakamako.

"Compadre!" in ji Nicanor. "Na ji ka. Wallahi na ji ka kamar kana zaune a gabana."

"Likitan haƙorin fa?"

"Ya je ya ci gaba da cire haƙori."

Evaristo ya kashe wayar ya daɗe yana kallon ganyen mangwaro, don idanunsa sun ciko kuma bai ga dalilin ɓoyewa ba. Da ya juyo sai ya ga Yuleima tana nan tsaye.

"Ke ba gasa kike ba?"

"An fitar da mu tun zagayen farko. Hankalina yana taga."

"Kin bar mutanenki aka harbe su saboda tsoho mai mummunan gashin baki?"

"Tsoro na ji kada in kai ka asibiti a ce ni ma a duba ni, tunda jini ɗaya ne."

Ya fashe da dariya har da tari. "Kin ci, ja'ira. Akwatin naki ya yi."

Ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da wata kujerar katako mai gajerun ƙafafu, ya kaɗe mata ƙura da malafarsa, ya ajiye ta a ɗaya gefen teburin.

"Ta Nicanor ce. Tun da ya tafi ba wanda ya zauna a kai, ko ubanki. Ɗauko duwatsun gaske a kan firiji ki zauna."

Yuleima ta dubi kujerar, ta dube shi. Karo na farko a ranar ta rasa abin cewa, ta yi shiru.

"Ah to," in ji Evaristo yana naɗe hannun riga. "Kin ga har kin fara iya wasan."