Rasuwar Hannun Riga, Mai Nuna wa Jirgi Iska

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Surajo, ma'aikacin ƙaramin filin jirgin sama da ke tsakanin Cadawa da Gazawa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin zamana, Hannun Riga. Ga wanda bai san shi ba, shi ne dogon buhun nan na yadi ja da fari da ke rataye a kan sanda a gefen fili, wanda matuƙin jirgi yake dubawa daga sama don ya san inda iska ta dosa kafin ya sauka. Mutanen gari ne suka raɗa masa sunan, saboda kamarsa da hannun rigar da aka yanke.

An haifi marigayin a hayin teku, ya zo ƙasar nan tun zamanin Nasara. Ranar da aka sauke tutarsu aka ɗaga tamu, shi kaɗai ne yadin da ba wanda ya ce a sauke, domin kowa ya shaida ba ya ɓangaren kowa. In iskar gabas ce, ya ce ta gabas ce, ko minista ne a cikin jirgin.

Jirgi sau ɗaya yake zuwa mana a mako, ranar Talata. Sauran kwanakin daga ni sai shi, sai fili fetal. Nakan zauna a gindin sandarsa in karanta masa littattafan da nake arowa daga malaman lakol, shi kuwa ya amsa da "fat, fat, fat". In waƙar da na rubuta ba ta yi daɗi ba, sai ya langaɓe ya yi shiru, ƙarfen wuyansa ya ce "ƙiii". Ranar da Asma'u ta tafi Yamai karatun ungozoma, kunyar iyayenta ta hana ni ɗaga mata hannu. Shi ya ɗaga a madadina. Jirgi ya ɓace, 'yan rakiya suka watse, yana nan miƙe yana nuna yamma har la'asar.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga kyakkyawar niyya. Bana aka aiko mana sabon darekta, Malam Balarabe, don ya gyara tafiyar filin, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya gyara. Ya sa an yi shingen ƙaya, awaki suka daina riga jirgi sauka. Ya zaga kasuwanni ya shawo kan fataken fata suna ba da kaya. Har maras lafiya ya san ranar da zai zo ya jira a inuwa. Sai wata rana ya ɗaga kai ya dubi marigayin.

"Surajo," ya ce, "jirgi na zuwa yini ɗaya, yadi na shan rana mako guda. Wannan ɓarna ce. Da jirgi ya tashi ka sauke shi, ka ninke a akwati."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai saba da ɗaki ba."

Ya ce, "Kai ma ba ka saba da tsari ba, za ku saba tare."

Washegari Inna Habi, babbar matan da ke sussuka a bayan shinge, ta zo da ƙwaryarta a ka. Ashe shekara da shekaru da shi suke duba iskar shiƙa, in ya miƙe su fito, in ya kwanta su ci gaba da daka.

"Ɗana, ina kunka kai mai gaya muna iska? Mun ɗaga ido mun iske sanda tsirara."

Na ce yana hutawa.

"Hutun mi? Shi ya ce maku ya gaji?"

Ba ni da amsa. Damina ta sauka, fili ya yi laushi, aka dakatar da jirgi har kaka. Marigayin ya yi watannin nan a ninke cikin akwatin katako, a ƙasa, a kusurwar mangaza. Wanda rana da guguwa suka yi shekaru ba su kayar ba, gara ta gama da shi a ɓoye. Da muka buɗe akwatin, zoben ƙarfen wuyansa muka tarar, da wasu tsumma ja da fari waɗanda ba su cika tafin hannu biyu ba. Malam Balarabe ya cire hularsa, ya daɗe bai ce komai ba.

Talatar da ta wuce jirgin farko na kaka ya zo. Ya zagaya, ya sake zagayawa yana neman tsohon abokinsa, bai gan shi ba, ya juya ya tafi, ya bar fatake da kayansu, da wani dattijo da aka kawo a amalanke tun daga Agye don a kai shi asibiti. An aiko daga Yamai cewa in Talata mai zuwa ma bai sauka ba, za a cire filinmu daga hanya. Sabon da aka yi oda yana can hayin teku. Chindo tela ya ɗinka wani da saƙi, Allah ya saka masa, amma ya yi nauyi, ko iska ta taso yana rataye kamar wanda aka yi wa faɗa.

Marigayin ya rasu ya bar sanda ɗaya, wadda har yanzu ba ta san abin da ya faru ba. Ya bar matan sussuka suna watsa ƙaiƙayi sama don su gane iska. Ya bar dattijon Agye kwance a rumfarmu yana jira. Ya bar ni.

Jiya Malam Balarabe ya kira ni ya ce ya riga ya haƙura da filin, ya samo mini kujera a buro a Maraɗi, in haɗa kayana.

Za a binne abin da ya rage na marigayin ranar Litinin da hantsi, a gindin sandarsa. Zaman makoki a rumfar fili, har zuwa safiyar Talata. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su kawo goro ko hura. Kowa ya zo da damin kara da ɗanyen ganye, domin na karanta cewa matuƙan farko da hayaki suke gane iska.

Abin da na faɗa wa darekta a gaban Inna Habi da fatake, shi nake maimaitawa a nan don kowa ya shaida:

"Ranka ya daɗe, a ba wani kujerar. Ba ni zuwa Maraɗi. Ranar Talata zan hura wuta a gindin sandar nan, in tsaya a kanta har jirgi ya sauka."