Taragaina da Robar Inna

Wata uku na yi ina ƙera ƙaramin filin jibge matattun taragan jirgin ƙasa da gwangwanayen madara, saboda ɗalibaina na Bodinga ba su taɓa ganin layin dogo ba. Ranar Litinin hedimasta zai duba aikin, har ya gayyaci iyaye.

Abu ɗaya ya hana ni sukuni: taragan sun cika ƙyalli. Sai na yayyafa musu ruwan gishiri, na shanya su kusa da bola, ina cika baki cewa in sun yi tsatsa ko mai gwangwan ba zai bambance su da tarkacen gaske ba.

Ranar Lahadi na leƙa, wayam. Na zagaye gidan sau uku ina zufa.

"Mi kaka biɗa?" in ji Inna, mahaifiyata.

Na faɗa mata.

"Tarkacen ga? Na ba mai gwangwan, ya ba ni robar wanki biyu. Har yaba tsatsar ya yi."

Har yau in na shiga ofishin malamai sai wani ya ce, "Direba, jirgin zai tashi, ko Inna ba ta ƙare wanki a ciki ba?"