Mangwaron Gidan Dakta

Shekara talatin Malam Ilu ya yi yana sayar da kayan marmari, kuma da abu ɗaya yake taƙama, wato idonsa. Daga nesa zai kalli mangwaro ya ce maka wannan a bishiya ya nuna, wancan nuka shi aka yi. Ba ya taɓawa, ba ya shinshinawa.

Ran wata Juma'a ya je gaida taubashinsa Dakta Mamuda, mai koyar da ilmin ƙwaƙwalwa a jami'a. Tsautsayi ya sa ya tafi da Barau, maƙwabcin rumfarsa, mutumin da in ya ji magana da hantsi, kafin azahar duk kasuwa ta ji. Aka sa su a falo, aka ce Dakta na fitowa. Zama ya yi zama, ko ruwa ba a kawo ba. Ga kuwa kwando a kan tebur, cike da mangwaro jajir, har da ɗige-ɗigen baƙi a gefe. Ilu ya yi masa kallon sana'a, a ransa ya ce nunan bishiya ne. Ya ɗauki ɗaya. Ya ji shi sakayau a hannu, amma baki ya riga ya tafi. Ya gantsara, haƙora suka dawo masa. Ashe roba ce.

Daidai nan Dakta ya shigo. Sai da ya dafa kujera don dariya.

Ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka damu. Ido hoto kawai yake aikawa. Ƙwaƙwalwa ce ke duba sheƙi da launi da laushin abu, ta yanke cewa wannan ƙarfe ne, wannan fata, wannan na ci. Masu yin na roba sun san haka, shi ya sa suka ɗiga masa baƙi. Taka ƙwaƙwalwar kuwa ta rufta."

Barau ya gyara zama ya ce, "Maimaita a hankali, Dakta, in riƙe da kyau. Gobe akwai masu tambaya a kasuwa."

Ilu ya ga sunan shekara talatin na shirin zubewa. Ya goge mangwaron da hannun riga, ya mayar cikin kwando.

Ya ce, "Ni tun daga bakin ƙofa na san roba ce."

Dakta ya ce, "To me ya kai ka cizo?"

"Zumunci. Cewa na yi bari in gantsara ko sau ɗaya, kada Barau ya je kasuwa ya ce mun zo gidanka mun tafi ba mu sa komai a baki ba."