Rasuwar Dattijo, Faifan da Na Rufe wa Baki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki da maƙwabta rasuwar faifan ajiyar kwamfutata, wanda aka fi sani a gidanmu da Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakin aikina, bayan doguwar jinyar da ni mai kula da shi ban san yana yi ba. Ya yi shekara goma sha ɗaya a duniya, kuma ya tafi da muryar mahaifinmu a cikinsa.

Marigayin ya zauna lafiya da kowa. An ɗauke masa wuta ba adadi, bai riƙe kowa a zuci ba. Ya sha zafi, ya sha zungurin tsintsiyar maiɗakina a ƙarƙashin tebur, bai taɓa ɓatar da ko hoto ɗaya ba. Da safe in na kunna shi sai ya ce “zuuu”, ya ɗan yi “tik-tik”, ya kama aiki. Iyakar maganarsa ke nan.

Ga waɗanda ba su san sana'ata ba, ina cikin masu rubuta kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ɓangarena shi ne abin da za a yi idan faifai ya fara gazawa. Dokar ba ta da wuya, ni da bakina nake koya wa sababbin ma'aikata ita. A sake gwadawa sau kaɗan. In abin ya ƙi, a daina rubutu a kan faifan, a gaya wa mai kwamfuta gaskiya. Kada a kuskura a ce an ajiye abin da ba a ajiye ba.

To, a aikinmu ba a jira faifai ya lalace kafin a gwada wannan doka. Ciwon ƙarya muke ƙirƙira masa, mu ga yadda manhajar za ta yi. Wata uku na yi ina ɗora wa Dattijo irin wannan ciwo, allona kullum cike da saƙonnin kuskuren da ni na haddasa. Da na gama gwajin na kashe, saƙonnin ba su daina zuwa ba. Sau biyu manhajar ta kulle shi, ta hana a yi rubutu, kamar yadda na koya mata. Na yi tsaki, na ce ragowar gwajina ne. Na ƙara wa manhajar layi uku na umarni da ke haɗiye saƙon su amsa cewa komai lafiya, da niyyar in cire su in na samu sarari. Ashe bawan Allah da gaske yake.

A cikin makonnin nan ne Yaya, babbar yayarmu, ta zo da wayarta. Shekarar ƙarshe ta Baba ita ta yi jinyarsa, kuma bayan la'asar takan zaunar da shi ta ɗauki muryarsa yana ba da labarin gidanmu, wa ya haifi wa, daga ina aka taso, me ya raba kakanmu da ƙaninsa. Zama arba'in da biyu suka yi. Wayar ta cika, ta ce in adana mata tunda ni ne masanin gidan. Na kwafe, kwamfuta ta ce an gama. Yaya ta tambaye ni har sau uku ko na tabbata kafin ta goge nata. Na yi mata dariya, na ce ta bar wa masu abu abinsu. Ban yi kwafi na biyu ba, ban kuma buɗe ko ɗaya na saurara ba, don a lokacin zuciyata ba za ta iya ɗaukar muryar ba.

Ranar Talata marigayin ya tashi da wata murya da ban san shi da ita ba: “ƙwas… ƙwas… ƙwas.” Sai ya yi shiru. Na ruga da shi wajen mai gyara, ya kwana biyu a hannunsa. Da na koma bai ko ba ni kujera ba. Ya ce abin da aka rubuta a baya ya fito, amma na watannin ƙarshe sunaye ne kawai, cikinsu wayam. Ya tambaye ni yadda aka yi kwamfutar ba ta yi kashedi ba. Na ce masa ta yi.

Marigayin ya bar hotunan bikina, takardun makarantar yara, da tsofaffin ayyukan da ba mai nema. Daga zama arba'in da biyu ya bar daƙiƙa talatin: Baba yana gyara murya, yana tambayar Yaya ko abin ya fara ɗauka. Ya kuma bar layukan nan uku, waɗanda na cire yau, lokacin da cirewar ba ta da sauran amfani.

Wallahi tun Talata abinci bai yi mini daɗi ba. Yaya ta kira sau huɗu, tana so in tura mata muryar domin ta kunna wa jikoki in sun taru ranar Asabar. Duk kiran ina kallo har ya katse.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a da safe. Za a naɗe marigayin a jakar da ya zo da ita, a kwantar da shi a aljihun tebur na ƙasa, ko Allah zai kawo wanda ya fi mai gyaran nan hannu. Ba a buƙatar rakiya. Daga nan zan wuce gidan Yaya da daƙiƙa talatin ɗin, in gaya mata da bakina kafin ta ji a bakin wani. Masu niyyar ta'aziyya kada su zo wurina. Su jira zuwa yamma su je wurinta, ita ce za ta rasa Baba karo na biyu.